Takin Tana da Lambun Latas a Alamar

Duk wanda ya fita daga tsohon birnin Habana na ƙasar Kyuba ya nufi gabas, lalle ne ya bi ta ƙarƙashin ruwa, domin mashigin da jiragen ruwa ke bi su shiga tashar birnin ya raba gari da wancan ƙetare, kuma tun shekarar 1958 wani kamfanin Faransa ya haƙa hanyar mota a ƙarƙashinsa, ta yadda matafiyi zai nutse cikin duhu daga gindin gidajen Sifaniyawan dā, ya ɓullo cikin haske a bayan ganuwar Morro, teku tana hagunsa. Ta nan muka bi da sassafe cikin watan Janairu, ni da tafintana, wani saurayi mai karatun aikin gona, muka wuce ƙauyen masunta na Kohimar, har muka iso Alamar, unguwar da aka fara ginawa a farkon shekarun 1970, inda ma'aikata da kansu suka riƙa barin wuraren aikinsu ƙungiya-ƙungiya suna gina benayen da za su zauna a ciki. Benayen nan galibi kamarsu ɗaya, hawa huɗu ko biyar, iskar teku ta cinye fentinsu, kuma babu abin da zai sa baƙo ya yi zaton akwai noma a tsakaninsu, sai da muka karya wata kwana, ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya tarye mu, sannan muka ga lambun shimfiɗe, kore shar, jar ƙasa tana leƙowa tsakanin layukansa.

Abin da ya kawo ni wurin nan mas'ala ɗaya ce. An daɗe ana faɗa mini cewa mutanen Kyuba suna noman latas, wanda mu a Kano muka fi kira salak, da takin da tana ke yi, kuma wai ƙwari ba sa damun latas ɗin kamar yadda suke damun wanda aka ciyar da takin zamani. Magana irin wannan tana da daɗin ji, abin da ke da daɗin ji kuwa shi ya fi cancantar a bincika shi, don haka na ƙudura in ga abin da idona, in kuma tambayi waɗanda hannunsu ke cikin ƙasar.

Ba zai yiwu a fahimci lambun ba sai an san larurar da ta haife shi. Kafin shekarar 1990 noman Kyuba noman injuna ne da sinadarai, rake ya mamaye mafi kyawun ƙasarsu, suna sayar wa Tarayyar Sobiyet da ƙawayenta sukari da tsada, su kuma suna aiko musu da man fetur da alkama da taki da maganin ƙwari, har fiye da kashi 80 cikin ɗari na cinikinsu da ƙetare ya zama da waɗannan ƙasashe ne. Da daular nan ta rushe a 1991, alhali takunkumin Amurka yana nan bai sassauta ba, sai jiragen suka daina zuwa: takin da ake shigowa da shi ya ragu da wajen kashi huɗu cikin biyar, maganin ƙwari ya ragu da fiye da rabi, taraktoci suka tsaya babu mai, kuma abincin da mutum ke samu a yini ya ragu da kimanin sulusi. A cikin wannan ƙunci ne mutanen birni suka dubi kangaye da juji da filayen da ke tsakanin benaye suka fara shuka, hukuma kuma ta ba su ƙasa da iri da malaman gona, ta hana amfani da maganin ƙwari na sinadari a cikin gari saboda kusancinsa da gidajen jama'a. Lambun Alamar ya soma ne a 1997, lokacin da wani tsohon ma'aikacin ma'aikatar gona, Miguel Salcines, da 'yan abokansa suka karɓi wani ɗan fili suka kafa ƙungiyar haɗin gwiwa; daga baya filin ya bunƙasa har ya kai wajen kadada 11, ma'aikatansa suka haura ɗari, da yawansu dattawa ne da suka yi ritaya daga wasu ayyuka.

Fangalan latas dogaye ne, faɗin kowanne bai wuce mita ɗaya da 'yan kai ba, don mutum ya iya miƙa hannu ya kai tsakiya daga kowane gefe ba tare da ya taka ƙasar ba, kuma an ɗaga su sama da hanyar da ke tsakaninsu saboda ruwan sama ya tsane. A wasu lambunan birnin, inda asalin ƙasar tsakuwa ce da ɓaraguzan gini, sai a kewaye fangalin da bulo ko duwatsu a cika shi da ƙasa da taki kusan rabi da rabi, ya zama an ƙirƙiri gona a inda babu ita. Janairu kuwa tsakiyar rani ne a wurinsu, lokacin sanyi da ƙarancin ruwa, wanda ya yi daidai da lokacin da masu lambu a ƙasarmu ke cin kasuwar salak, domin ganyen nan ba ya son zafi a ko'ina yake: in rana ta tsananta sai ya yi tsiri ya nufi fure, ya yi ɗaci. Saboda haka da bazara sukan shimfiɗa baƙar raga a kan sanduna ta rage masa kaifin rana. Irin da na fi gani mai sakakken ganye ne, kore mai haske, ba mai dunƙulewa kamar kabeji ba.

Amma zuciyar lambun tana can baya, a inuwa, kusa da inda aka ɗaure shanu. A nan na tarar da dogayen kwatamai na siminti, zurfinsu bai kai gwiwa ba, an rufe samansu da busasshen ganye, wani dattijo baƙi siriri, mai hular kaba, yana yayyafa musu ruwa da mesa a hankali. Da tafinta ya gaya masa daga inda na fito, sai ya ajiye mesar, ya share hannunsa a wando, ya ce, "Zo nan, ɗan'uwana, ka ga ma'aikatan da ba sa hutu." Ya yaye ganyen, ya tura hannu cikin takin har wuyan hannu, ya ɗago, sai ga tana cunkus a tafinsa, jajaye, sirara, tsawon kowace bai wuce ɗan yatsa ba, suna murɗewa suna neman hanyar komawa saboda ba sa son haske. Tsakaninsu ya nuna mini wasu 'yan ƙwayoyi masu ruwan ɗorawa, girman ƙwayar dawa, ya ce ƙwansu ne, kowanne kan fitar da 'ya'ya biyu ko uku. Na kai takin hanci, ban ji warin kashin shanu ba ko kaɗan, sai ƙanshin ƙasa bayan ruwan fari.

Ya yi mini bayanin aikin daki-daki, kuma na ga cewa ilmi ne mai sharuɗɗa, ba zuba shara a rami ba ne. Ba a ba tana ɗanyen kashin shanu, domin yana ɗaukar zafi idan ya fara ruɓa, zafin kuma ya kashe ta. Sai an tara shi gefe ana jiƙawa ana juyawa har ya huce. Kafin a zuba sabon abinci a kwatami, sai a ɗebi kaɗan a akwati, a ƙirga tana hamsin a saka, a dawo washegari: in an same su duka da rai sun nutse ciki, abincin ya yi, in kuwa sun mutu ko sun taru a gefe suna neman gudu, to da saura. Ana zuba abincin ne shimfiɗa-shimfiɗa, kauri kamar faɗin tafin hannu, ba a ƙara wani sai sun cinye na baya, su kuma kullum sama suke hawa suna bar wa mai lambu kashinsu a ƙasa. Awon ruwa da hannu ake yi: ya damƙi takin ya matse, 'yan ɗigo suka fito tsakanin yatsunsa, ya ce haka ake so, in ya tsiyaya ya yi yawa, in bai ɗiga ba ƙishirwa ta kama su. Bayan kamar wata uku, idan kwatami ya cika, sai a bar su da yunwa na 'yan kwanaki, a shimfiɗa raga a sama a zuba sabon abinci a kanta, su hauro ta cikin ragar, a ɗauke su gaba ɗaya zuwa wani kwatamin, abin da ya rage a shanya shi a inuwa a tankaɗe da rariya. Abin da ke fitowa baƙi ne, mai laushi, wara-wara, ba ya manne wa hannu.

Tana iri biyu suke kiwo. Ɗaya ita ce wadda suke kira ja ta Kalifoniya, ko da yake asalinta daga Turai ne, malaman halitta kuma suna ce mata Eisenia. Ɗayar ta fi girma, jikinta na da sheƙi, suna kiranta ja ta Afirka, sunanta a littattafai Eudrilus eugeniae, kuma asalinta daga Afirka ta Yamma ne, daga ƙasashe masu dausayi irin kudancin Nijeriya. Na tsaya ina kallonta da wani irin tausayi da mamaki, domin ga halitta daga yankinmu ta ƙetare teku tana ciyar da birnin wasu, alhali a gida ba mu san ta da wani amfani ba sai ɗana ƙugiya. Ba kowace tana ce ke wannan aiki ba: wadda ke haƙa rami cikin ƙasar gona dabam take, waɗannan kuwa mazauna saman juji ne, masu cin ruɓaɓɓen abu, kuma in an zuba su a busasshiyar gona mutuwa za su yi. Tun a 1881 Charles Darwin, a littafinsa na ƙarshe, ya nuna yadda tana ke juya ƙasa ta gyara ta, bayan ya shafe shekaru masu yawa yana lura da ita. Amma mai hankali ba ya bukatar dogon karatu kafin ya yi tasbihi ga Wanda Ya sanya wannan hikima a cikin halittar da ba ta da ido, ba ta da ƙashi. Na kuma tuna cewa a mazhabarmu ta Malikiyya kashin dabbar da aka halatta cin namanta mai tsarki ne matuƙar ba ta cin najasa, saboda haka Musulmi ba shi da wani ƙyanƙyami na shari'a game da takin da aka yi da kashin shanu.

Daga nan muka koma fangalan, inda wata mata mai kimanin shekara sittin, wadda aikinta shi ne duba lafiyar shuka, take tafe a sunkuye tana juya ganyen latas ɗaya bayan ɗaya tana duban bayansa. Na yi mata tambayar da ta kawo ni, na ce shin gaskiya ne takin tana yana korar ƙwari? Ta miƙe ta dube ni, ta ce, "Ɗana, ba ya kora. Zo ka gani." Ta kai ni bakin wani fangali ta buɗe zuciyar wani latas, sai ga 'yan ƙwarin darɓa koraye, bakwai ko takwas, manne a gindin ganye. Ta ce ƙwari suna nan kullum, abin da ya bambanta shi ne ba sa yawaita har su ci ƙarfin shuka, kuma shukar da ta tashi a kan takin tana ganyenta ya fi kauri, ba ta yin irin laushin nan mai ruwa-ruwa da ƙwari ke so. Ta ce ta yi aiki a gonar gwamnati a zamanin da ake zuba yuriya da buhu, ta ga yadda ganye ke yin kore har ya yi duhu cikin mako guda, darɓa kuma ta biyo shi, a yi feshi, ta dawo, a sake feshi.

Wannan magana tata ta dace da abin da masu bincike suka tabbatar. Ƙwarin darɓa ruwan jikin shuka suke tsotsa, abin da suke nema a cikinsa kuwa shi ne sinadaran da ke ɗauke da naitirojin. Idan aka ba shuka takin zamani mai narkewa nan take, fiye da abin da za ta iya sarrafawa, sai waɗannan sinadarai su yi yawa a ruwanta, ƙwarin su samu abinci a sauƙaƙe, kuma da yake matansu suna haihuwar 'ya'ya rayayyu ba tare da namiji ba, 'ya'yan kuma su fara haihuwa cikin kamar mako guda, kaɗan daga cikinsu kan zama dubbai kafin mai lambu ya farga. Takin tana kuwa sannu a hankali yake sakin abincinsa, gwargwadon yadda ƙananan halittun da ke cikinsa suke narkar da shi. A Jami'ar Jihar Ohayo ta Amurka, Clive Edwards da Norman Arancon da abokan aikinsu sun yi gwaje-gwaje a shekarun 2000, suka haɗa takin tana kashi 20 da kashi 40 cikin ɗari a ƙasar da suka shuka tumatir da tattasai da kabeji, suka saki ƙwari a kansu da gangan, suka ga darɓa da farin ƙwaron nan mai kama da auduga ba su yawaita ba kamar yadda suka yi a kan shukar da ba ta sami takin ba, tsutsa kuma ba ta ci kabejin sosai ba. Sun yi hasashen cewa bayan daidaiton abinci, akwai wasu sinadarai masu ɗaci da shukar ke ɗauka daga takin, waɗanda ke rage wa ƙwaro sha'awar ci. Wajibi ne a faɗi cewa gwajin nan a ɗakin reno aka yi shi, cikin tukwane, kuma abin da ya nuna ragi ne, ba kawarwa ba. Haka kuma an ga cewa yawan takin yana da iyaka: in aka shuka a cikin tsantsarsa babu gauraye, gishirin da ke cikinsa kan hana tsiro girma, latas kuwa yana cikin ganyayen da ba sa jure gishiri.

Saboda haka mutanen Alamar ba su dogara ga taki kaɗai ba, kuma wannan shi ne abin da masu ba da labarin lambun daga nesa suka fi mantawa. A kan kowane fangali akwai tsiron wani fure mai ruwan lemo, mai kaifin wari, wanda saiwarsa ke cutar da tsutsar nan ta cikin ƙasa da ido ba ya gani, mai kumbura saiwar latas; a gefe akwai ɗoɗɗoya da albasa; a kewayen lambun kuma an shuka layukan masara da dawa, ba don hatsi ba, sai don su tare iska su kuma zama masauki ga ƙwarin da ke cin 'yan'uwansu, irin ɗan jan ƙwaron nan mai ɗigon baƙi wanda shi da 'ya'yansa darɓa ce abincinsu. An kakkafa alluna masu launin rawaya da shuɗi an shafa musu mai, ƙananan ƙudaje suna mannewa, matar nan kuma da su take gane wane ƙwaro ne ya fara yawa. In abu ya wuce haka, suna da magunguna na halitta. Ƙasar ta kafa ɗakunan kiwon ƙwari da ƙwayoyin cuta masu amfani fiye da ɗari biyu a lardunanta, inda ake samar da wani ɗan mitsitsin zanzaro mai suna Trichogramma da ke yin ƙwai a cikin ƙwan malam-buɗe-littafi, da ƙwayar Bacillus thuringiensis da ke kashe tsutsa in ta ci ganyen da aka fesa, ba tare da ta cutar da mutum ba. Suna jiƙa ragowar ganyen taba daga masana'antun sigarinsu su tace su fesa wa darɓa da farin ƙuda. Sannan ga dogon yaro, wanda Kanawa ke kira darbejiya, jere a bakin shinge, suna daka 'ya'yansa su jiƙa su yi feshi da ruwan, itacen da ke kowace kusurwa a garuruwanmu muna shan inuwarsa kawai.

Hukuncin da na yanke a tsaye a wurin shi ne, takin tana asasi ne, amma abin da ke tsare latas ɗin Alamar idon mutum ne da ke juya ganye kowace safiya. Noma ne mai cin hannu ƙwarai, kuma ya yiwu ne domin akwai mutane da yawa da ke zaune a benayen da ke kallon lambun, suna zuwa aiki da ƙafa, suna kuma raba ribar a tsakaninsu. Bai kamata kuma a ɗora wa lambunan nan abin da ba su ɗauka ba: ganye da kayan miya suke bayarwa, ba shinkafa da alkama da mai ba, kuma har yau Kyuba tana sayen mafi yawan abincinta daga waje, mutanenta suna cikin matsi mai tsanani. Duk da haka, da na tsaya a rumfar sayarwa da ke bakin ƙofa, na ga tsofaffi da jakunkunansu suna karɓar latas da aka tuge a safiyar nan, saiwarsa da sauran ƙasa, sai na ji girman al'amarin, domin latas ɗanye ake cinsa, ba ya bi ta wuta, duk abin da aka fesa masa ko aka shayar da shi kai tsaye yake shiga cikin yaro da babba. Wanda ke noma irin wannan ganye amana ce a hannunsa, kuma waɗannan mutane sun riƙe ta.

Ranar Juma'a na yi salla a masallacin Abdallah da ke tsohon birnin Habana, wanda aka buɗe a 2015, tare da 'yan ƙasar da suka musulunta da ɗalibai daga Afirka da ƙasashen Larabawa, kuma a hanyar komawa masauki tunanina yana kan masu lambun Jakara da Kwakwaci a Kano. Ba baƙi ba ne mu ga sha'anin taki: shekaru aru-aru manoman kewayen Kano suna kwasar toka da shara da kashin dabbobi daga cikin birni a kan jakuna suna kaiwa gonakinsu, da haka ƙasar ta ɗauki noma kowace shekara ba hutu. Kashin shanu da na awaki muna da shi, ɓuntun shinkafa yana tule a bakin injuna, darbejiya ba a saye. Abin da zai yi mana wuya shi ne zafi da bushewa, domin tanar nan tana fara wahala da zarar zafin kwataminta ya haura digiri 30, ta mutu in ya kai wajen 35, alhali a watan Afrilu zafin Kano yakan wuce 40; sai an yi mata rumfa mai kauri a ƙarƙashin itace, ana yayyafi safe da yamma, an kuma tsare ta daga kaji da tururuwa da kwarkwasa, waɗanda dattijon nan ya ce ko a wurinsu su ne manyan abokan gaba, maganinsu kuma kada a bar kwatami ya bushe. Mai lambun da zai gwada, gara ya fara da kwatami ɗaya da kaka, ya yi amfani da takin farko a wurin renon iri, inda kaɗan ke isa kuma amfaninsa ya fi saurin bayyana. Sai dai akwai abin da tana ba za ta gyara ba: a Alamar ruwan rijiya ake ba latas, mu kuwa da yawa daga lambunan cikin birni ruwan kwata da na masana'antu suke sha, kuma kowane irin taki aka zuba a fangali, ganyen da aka shayar da wannan ruwa yana ɗauke da abin da ke cikinsa har zuwa faranti. Wannan aiki ne na hukuma da masu unguwanni da ƙungiyoyin masu lambu, su haƙa rijiyoyi a bakin fadamun nan tun kafin a kai ga maganar tana.